Anti, na kasa tsayawa a gaban murhu

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano. Wata bakwai ke nan da Allah Ya yi wa maigidana rasuwa, ya bar ni da yara uku: babbar shekararta 15, mai bi mata 9, auta kuma 4. Na fita takaba na koma aiki, amma albashin ba ya kai mu ko tsakiyar wata. Rabon tukunyata da nama tun na layya da maƙwabta suka aiko. Kifi da ƙwai ma sai dai mu gan su a kasuwa.

Da can ni ake kira in za a yi suna ko biki a dangi, saboda an ce ina da hannun girki. Yanzu in na dawo daga makaranta na leƙa kicin sai in ji jikina ya mutu gaba ɗaya. Sau da yawa garin kwaki da sukari muke sha da daddare, ko in dafa wa yara indomi ni in kwanta haka nan. Ran nan yayar marigayi ta zo, ta buɗe tukunya ta ce, "Miya lami kike ba 'ya'yan ƙanena?" Ban tanka ba, amma da ta tafi na shiga ɗaki na sha kuka. Babbar 'yata kuma, don ta ba ni dariya, ta nuna mini bidiyon wasu Turawa a waya waɗanda ba sa cin nama, ba sa cin ƙwai, ba sa shan madara, wai da gangan, ta ce, "Mama, ai mu ma mun waye."

Anti, me zan riƙa dafawa wanda babu nama, babu wahala, ba ya shan gas, kuma yara su ci su ƙoshi ba tare da maraici ya biyo su har cikin kwano ba? Sannan wannan cimar ba za ta yi musu illa ba?

Uwar marayu, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari, ke kuma Ya ba ki ladan haƙuri.

Zan fara da mutuwar jikin nan, don ita ce ta riƙe sauran. Ba lalaci ba ne, kuma hannun girkinki bai tafi ko'ina ba. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Tun wancan zamani an san mai baƙin ciki ba ya iya hura wuta. Mu a nan muna bin wannan koyarwa kwana uku, ko bakwai, kuloli na shiga suna fita, in an daɗe a kai arba'in. Daga nan kowa ya kama gabansa, daidai lokacin da gidan ya fara yin shiru na gaske. Baƙin ciki kuwa bai san an yi sadakar arba'in ba. Wata bakwai, ga aiki, ga yara uku, ga lissafin kuɗin da ba ya cika, in kin ce mini kina dawowa ki ɗaura zani ki tuƙa tuwo kullum da sai na yi mamaki.

Gwaggon yara ba ta kyauta ba, amma kada ki ɗauke ta da gaba, wataƙila ita ma nata ciwon rashin ƙanen ne ya fito ta baki. In ta sake, ki ce mata cikin ladabi, "Wallahi Yaya abin da Allah Ya hore ke nan, in da abin da za a taimaka wa yaran da shi muna so." A al'adarmu dangin uba suna da nasu kason na ɗawainiyar marayu, wanda ya iya buɗe tukunya ya iya aiko da kwanon wake. Kuma ki sani ba tukunyarki kaɗai ce lami a unguwarku ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya ja kuɗin komai. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, har aka ga mutane a Kano suna sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da ake ware wa kifi. Gidajen da magidantansu ke raye ma da yawa sun daina zuwa wajen mahauci, sai dai ba sa faɗa.

Sannan wannan ra'ayi na cewa miya ba ta cika sai da tsoka bai daɗe ba. Kakanninmu a ƙauye nama sai ran kasuwa, ko suna, ko sallah. Sauran kwanakin miyar tana tsaye ne a kan daddawa da albasa da barkono da mai, kuma da ita aka yi noma aka haifi 'ya'ya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Ƙasar da wake ya yi wa yawa haka ba za ta rasa dabarun sarrafa shi ba, kuma yawancinsu kin san su, gajiya ce ta rufe miki ido.

Ga dokar da nake so ki kafa wa kanki na 'yan watannin nan: tukunya ɗaya, sau ɗaya a rana, mai zafi. Shi ke nan. Ban da shinkafa daban miya daban, ban da suya kafin dahuwa, ban da jajjage in ba ki da ƙarfin riƙe taɓarya. Da safe kunu ko ɗumame, da daddare abin da ya rage ko abin da ba ya son wuta. Wannan tukunya ɗayar in ta samu, kin sauke nauyin ranar.

Abin da zai sa dokar ta yi aiki kwalabe uku ne, kuma aikin 'yarki babba ne ran Asabar. Kwalba ta farko man gyaɗa ne da aka soya da albasa mai yawa, a bar albasar ta yi ja ta bushe sosai kafin a sauke, don in da sauran ruwa a jikinta man ba zai yi mako ba. Ta biyu yaji: barkono, citta, gishiri, 'yar tafarnuwa, da dunƙule ɗaya ko biyu in ana so. Ta uku garin ƙuli, dakakke lukwi. Mai waɗannan ukun a kicin ba ya rasa abin ci, domin duk abin da aka dafa da ruwa da gishiri, rogo ne, dankali ne, taliya ce, wake ne, da an zuba masa su ya zama abinci. Abu ɗaya kawai, in za ki sayi ƙuli ko gyaɗa ki ɗanɗana. Wanda ke ɗaci ko warin hunhuna a bar shi komai arharsa, dafin da ke cikin gyaɗa mai hunhuna hanta yake ci, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Bari mu ɗauki garau-garau, tunda shi ne zai fi yawan zuwa. Kafin ki fita da safe ki zuba wake gwangwani biyu a roba, ki wanke, ki cika shi da ruwa ki rufe. Aikin minti biyu ne. In kin dawo ki zubar da wannan ruwan, kada ki dafa da shi. Jiƙon yana rage lokacin dahuwa sosai, yana rage kumburin ciki, zubar da ruwan kuma yana tafiya da wani abu daga maganin ƙwarin da wasu 'yan kasuwa ke barbaɗa wa wake a rumbu. Ba ƙaramin abu ba ne, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda wannan maganin. Ki ɗora da sabon ruwa ya tafasa kamar minti 15, ki wanke shinkafa gwangwani uku ki zuba da gishiri, ruwan ya haura kanta da gaɓar yatsa ɗaya. In ta tafaso ki ba ta minti biyar zuwa goma a rufe. Daga nan ki kashe gas. Ki shimfiɗa tsohon bargo a cikin kwando ko babban kwali, ki sa guntun kwali a ƙasa don gindin tukunya kada ya ƙona bargon, ki ɗora tukunyar da murfinta ba tare da kin buɗe ba, ki naɗe ta ruf, ki ɗora matashi a kai. Sai ki je ki yi salla ki kwanta. Bayan awa ɗaya in kin buɗe, tururi zai bugi fuskarki, shinkafar ta yi warwar, waken ya yi laushi, ba ƙonewa ba kamu, ba kuma wanda ya tsaya a kanta. Zafin da ke cikin tukunyar ne ya ƙarasa aikin. Kada dai a bar abinci ya kwana a cikin bargon, da ɗumin ya ragu zai fara lalacewa.

Sai a juye a faranti babba, a yaryaɗa man nan mai albasa, a barbaɗa yaji, mai shekara tara ya yanka tumatir da albasa a kai, in da kabeji a ƙara. Ku ci tare a faranti ɗaya, har da ke.

Kin tambaya ko zai riƙe su. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne. Abin da hatsi ya gaza da shi ta wannan fanni wake yana da shi, abin da wake ya gaza da shi hatsi yana da shi, shi ya sa haɗin shinkafa da wake, ko tuwo da miyar da aka daka mata wake, ko kunu da ƙosai, yake gina jiki fiye da kowannensu shi kaɗai. In kuɗin shinkafa ya gagara, dawa da wake ko gero da wake duk hanya ɗaya ce, sai dai dawa tana son ta riga waken shiga tukunya. Kanwa kuma ki yi hankali da ita. Tana saurin nunar da wake, gaskiya ne, amma in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran bitamin, kuma 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ba ta yi masa daɗi. Wanda ya jiƙa wake ba ya ma buƙatarta.

Ranar da ko ashana ba kya son kyastawa, kwaɗo ne. Dafaffen zogale da rama suna zuwa har ƙofar gida a kan 'yan talla. Ki ɗauraye da ruwan zafi ki matse, ki zuba garin ƙuli da hannu sake, albasa, tumatir, yaji, cokali biyu na mai, ki matsa lemon tsami ki cakuɗa. Garin kwakin da kike jin kunyarsa ma in kin yayyafa masa ruwa ya yi laushi kika juye shi cikin wannan kwaɗon, ya tashi daga abin maleji ya koma abincin dare na sosai. Lemon tsamin yana da aiki bayan ɗanɗano, shi ke taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci. Gurasa ma haka, ba sai kin je Jakara ba, duk inda kika samu ki yayyafa mata ruwan ɗumi, ƙuli, mai, yaji, albasa, bandashe ya haɗu.

Ɗanwake ki sakar wa yara. Ana sayar da garinsa a haɗe, wake da alabo da kuka, sai dai a kwaɓa da ɗan ruwan kanwa a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama a ba shi 'yan mintuna a tsame. Yara suna son saki, za su yi gardamar na wa ya fi girma, wani ya yi mai kama da ƙadangare. Gidan da aka yi rasuwa yana buƙatar irin wannan surutun. Ke dai ki zauna a kujera 'yar tsuguno ki sa ido kan ruwan zafi, auta kuma a ba shi aikin miƙo yaji.

Fate kuwa, Zage-zagi su yi haƙuri, za mu ara. A ganina duk cikin abincinmu babu wanda ya kai shi dacewa da halin da kike ciki, domin komai tukunya ɗaya yake shiga, kuma ba ya fushi in an rasa wani abu. Ruwa, manja, daddawa, albasa da attaruhu ko da yankawa aka yi, dakakkiyar gyaɗa cikin tafi, ragowar dafaffen wake in akwai. In ya tafasa ki zuba tsakin masara kina juyawa don kada ya yi gudaji, ki rage wuta. In tsakin ya yi laushi sai ganye, rama ko yakuwa saboda ɗan tsamin, alayyahu in shi ya samu, gauta in ana son ɗaci-ɗaci. Da rani busasshen ganye ya wadatar. Ana shan sa da cokali, da zafinsa, gumi na tsattsafowa a goshi. Mutumin da abinci ya daina yi masa daɗi sau da yawa tsami da zafi da ruwa-ruwa ne ke buɗe masa maƙogwaro. Faten dankalin Hausa da faten wake duk gida ɗaya ne da shi, kuma manjan da ke ciki yana ba yara bitamin A, mai kare ido.

Yanzu ga wanda na fi so ki riƙe, saboda ke ce ba kya cin abinci, na lura da inda kika ce kina kwanciya haka nan. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, in an yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse ya rage sai na jiki, takan sa a dafa talbina, wani ɗan kunu ne na garin sha'ir, ta ce su ci, domin ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa talbina tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Ban ce kunun gero talbina ba ne, in kin samu sha'ir wajen masu kayan Islamiyya ki yi ta ainihi. Amma dubi irin abincin da aka zaɓa wa mai makoki: mai ɗumi, mai laushi, wanda ba ya son tauna, ba ya kuma wahalar da mai dafawa. Ki ajiye garin kunu mai citta da kanumfari. Da magariba ki jiƙa tsamiya a kofi, ki dama garin da ruwanta, ki sheƙa tafasasshen ruwa, ki sa sukari daidai. In da niƙaƙƙiyar gyaɗa ki dama cokali biyu a ruwan tun yana kan wuta, kin samu kunun gyaɗa na gaggawa ba tare da tata ba. Ki zauna ki riƙe kofin da hannu biyu ki sha a hankali kafin ki shiga sabgar kowa. Minti goma ne, kuma naki ne. Uwar da ta kwana da yunwa ba ta da abin da za ta tsaya da shi gaban allo da safe, balle gaban murhu da yamma.

Tuwo ki bar shi sai ƙarshen mako, ranar da kika ji ƙarfi, ki tuƙa da yawa don a samu ɗumame. Miyar kuka ba ta taɓa dogara da nama ba. Ki daka wake cikin tafi ki fara sa shi a ruwa ya dahu har ya narke, sannan daddawa mai kyau, kada ki yi mata rowa, albasa, barkono, citta, ɗan mai, ki bar su su tafasa har ƙamshin daddawar ya daina tsinin hanci ya koma mai daɗi. Sai ki kaɗa kuka da maburgi. Sirrin yana wajen barin daddawar ta dahu, masu gaggawa ne ke sa a ce miya ta yi lami. In kuma yara suna marmarin abin da za su tsinta a cikin miya, awara tana nan. Kada ki ce za ki yi da kanki, niƙa da tata da suya ba na yanzu ba ne. Ki saya soyayya wajen mai tsafta, ki yanka ƙanana ki jefa a miyar tumatir ko cikin taliya minti biyar kafin saukewa, tana shan romo ta yi taushi. Waken suya ya fi waken gida sinadarin gina jiki, don haka kada ki ɗauke ta a matsayin abin rufe ido.

Indomin ma ban hana ba. Ranar da ita ce iyakar ƙarfinki, a dafa. Ki rage garin ɗanɗanon da ke cikin leda saboda gishirinsa, ki watsa kabeji ko zogale da 'yar awara, magana ta ƙare.

Sai batun mutanen da 'yarki ta nuna miki. Yarinyar tana da hankali, ta ga uwarta cikin damuwa ta nemo abin dariya, Allah Ya yi mata albarka. Suna nan da gaske, ƙungiyarsu ta farko an kafa ta ne a Ingila a 1944, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau. Sai dai akwai abin da gajeren bidiyo ba ya nunawa. Akwai bitamin guda, B12, wanda jiki ke buƙata don yin jini da lafiyar jijiyoyi, kuma ba a samun sa yadda za a dogara da shi a wake ko ganye ko hatsi, sai a abin da ya fito daga dabba. Su waɗancan ƙwayarsa suke sha, ko su sayi abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta, ƙungiyar tasu ma da kanta take gaya musu su yi haka. Babban mutum hantarsa tana da ajiyar da za ta kai shi shekaru, ƙaramin yaro ba shi da wannan ajiyar sosai. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce: abincin da na lissafa zai ƙosar da su ya gina su, amma kada ki mai da rashin kayan dabba gaba ɗaya ya zama tsari, musamman ga auta. Ranar da 'yan canji suka samu, kada ki kashe su a kan tsokar da kowa zai samu yanka ɗaya don a ce an ci nama. Ki sayi kindirmo a dama musu da kunu ko fura, ko ƙwai a dafa wa ƙananan biyu, ko ƙananan busasshen kifi a daka har ƙaya a zuba a miya, ko 'yar hanta, wadda guntunta kaɗan ya fi tsoka mai yawa amfani ta wannan fanni. Ko sau biyu a mako aka samu ɗaya daga ciki an rage hanya. In wani daga dangi ya tambaye ki me yara ke buƙata, ga amsa a hannunki, kada ki ce "ba komai".

Auta bai kai shekara biyar ba, don haka yana cikin waɗanda ake ɗiga wa bitamin A a ba su maganin tsutsar ciki kyauta a makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara. Ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. In kin ga tafin hannunsa ko cikin idonsa ya yi fari, ko ƙafa ta kumbura, ko gashi ya fara ja yana karyewa, ko ya daina wasa, wannan ya wuce maganar girki, ki kai shi a duba.

Ke ma haka. Gajiyar makoki tana sauƙi a hankali, yau da nauyi gobe da dama-dama. Amma idan kin kai mako biyu ko fiye kullum barci ba ya zuwa ko kuma ba ya isar ki, abinci ba ya shiga, babu abin da ke faranta miki rai ko da wasan auta ne, ko kina jin da ma ke ce kika tafi, to wannan ciwon damuwa ne, yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi, kuma ba ya nuna raunin imani. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa, a ranar ki gaya wa wani na jikinki, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba irin wannan, kuma masu zuwa can mutane ne irina irinki. Ƙarancin jini shi ma yana kawo wannan mutuwar jikin, ga ki mace, ga wata da watanni ba kya cin kirki. Ki fara da zuwa gwajin jini, ya fi sauƙin faɗa in an tambaye ki ina za ki. In kin zauna gaban likita sai ki gaya masa sauran.